Wane zarto zan fara saye, mai faifai ko mai ɗamara?

Ƙaramin Kafinta (Tawa):
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Shekara shida na yi a hannun maigidana, bara ya sallame ni da albarka, na kama tawa rumfar. Har yanzu da zarton hannu nake aiki. In aiki ya yi yawa sai in loda katako a amalanke in kai wurin masu inji, in bi layi, in biya kuɗin yanka. Watan jiya na samu aikin teburan ɗalibai guda 40, wallahi tsakanin ɗan amalanke da mai inji ribar ta narke, ga kwana uku da na rasa a layi. Yanzu Allah ya sa na tara abin da zai saya mini inji ɗaya tak. Wasu sun ce in sayi zarto mai faifai na tebur, wasu sun ce mai ɗamara, wato siririn ƙarfe mai haƙora da ke zagaye ƙafafu biyu kamar bel, wanda muke ce wa riban. Wani abokina ma ya ce duk ɓarnar kuɗi ce, in sayi faifan katako in ɗaura a injin gurzar ƙarfe irin na masu walda. Don Allah waɗanda suka san kan abin su ba ni shawara.

Malamin Sana'a (Yamai):
Wa alaikumus salam. Ƙanena, kafin a shiga zancen faifai da ɗamara, shawarar abokin nan naka ka haƙa rami ka binne ta. Ƙaramin injin gurzar ƙarfe yana juyi wajen 11,000 a minti ɗaya. Zarton faifai na hannu wajen 5,000 yake yi, kuma yana da takalmin da ke zaune bisa katako, da murfin da ke rufe haƙora da kansa da zarar an ɗaga shi. Wancan ba shi da ko ɗaya. Dutsen gurza ci yake yi sannu a hankali, haƙori kuwa cafka yake yi. Ranar da ya cafki ƙulli ko ƙusa, injin zai fizge daga hannunka ya nufi cinya ko fuska kafin ka ƙifta ido. Na taɓa raka yaro asibiti a kan wannan, ba na fatan wani ya ga abin da na gani.

Amsar tambayarka kuwa, mai faifai na tebur. Aikinka miƙaƙƙen yanka ne: ƙafafun tebur, filaye, kwantar-filake. Mai faifai shi ne jakin rumfar kafinta.

Mai Katako (Kasuwar Katako, Yamai):
Malam, maganar farko na sa hannu, ta biyu ban yarda ba. Ku masu koyarwa kuna kallon kyan yanka, mu masu sayarwa muna kallon abin da ke zuba ƙasa. Mu nan ba mu da dajin katako. Farin katako da jan katako duk shigowa suke yi daga Nijeriya, Gana, Kodebuwa, kuma tun da gadar Gaya da Malanbil, ta iyakarmu da Benin, ta rufe a 2023 kowa ya ga yadda kayan da ke biyowa ta teku suka yi wuta. Katakon da ya isa Tawa ya sha hanya, ya sha kwastan, ya sha kuɗin mota. Duk dusar da zarto ya zubar da wannan farashin ka saye ta, alhali in za ka sayar da ita sai ga masu kiwon kaji, buhu kuɗi kaɗan.

To ga lissafi. Faifan tebur yana cin wajen milimita 3 a kowane yanka. Ɗamara siririya rabin haka take ci, ko ƙasa da haka. Ɗauki allo mai faɗin santimita 30 ka ce za ka fidda sanduna masu santimita 2: da faifai 13 za ka samu, da ɗamara 14. Sanda ɗaya a kowane allo. Ka lissafa allo nawa ke wucewa ta hannunka a shekara. Ban da haka, ɗamara tana lanƙwasa, tana fidda kan gado mai zane da ƙafar kujera mai lauje, kuma tana raba kaurin katako mai tsayi gida biyu, abin da faifai ƙarami ba ya iya kaiwa a wuce ɗaya.

Malamin Sana'a (Yamai):
Alhaji, lissafinka daidai ne a takarda, amma ka tsaya rabin hanya. Ɗamara tana barin fuska mai kaushi, in ba ta ɗauru sosai ba kuma tana yawo hagu da dama. Sandar nan da ka ce ya ci riba, injin kankare fuska zai karɓe ta. Kuma ta yaya zai yanka falan kwantar-filake mai santimita 122 da 244 a ƙaramar ɗamara? Wuyan injin ne zai tare shi.

Baban Adar (Tawa):
Salamu alaikum. Jikana na karanta min, ni ko ina faɗi shina rubutawa, ku yi haƙuri da tsawo.

Ɗana, duk kun tsallake abin da ya kamata a fara da shi. Kuna zancen inji, ba wanda ya yi zancen haƙori. Inji juyi kawai shi ke yi, haƙori ke yanka. Ni da zarton hannu na tashi, kuma maigidanmu bai bari munka taɓa icce ba sai da munka iya wasa zarto. Zarto biyu ne ko da kamanninsu ɗaya. Akwai na tsaga, mai bin jijiyar icce, haƙoransa manya, a miƙe ake wasa su da magagari mai kusurwa uku, kowane haƙori awa ɗan gizago shina sassaƙa. Akwai na datsa, mai gitta jijiya, haƙoransa ƙanana, a karkace ake wasa su har su zan awa wuƙaƙe, su yanke jijiya kafin su kwashe. Kuma dole a buɗe haƙora, ɗaya hagu ɗaya dama, don hanyar ta fi jikin zarto faɗi. In ba a buɗe ba icce ya riƙe shi, ka yi ta zufa a banza. In anka buɗe da yawa ya ci icce ya yi ta yawo. Wanga ilimi shi ne dai a faifai, shi ne a ɗamara, shi ne a sarƙa. Zartunan hannu na yanzu masu baƙin haƙori, an ƙona bakinsu ya yi tauri, magagari ba ya kama su, in sun mutu sai yarwa. Shi ya sa yaran yanzu ba su san wasa ba.

Na yi shekaru a bida a Kodebuwa, na yi aiki a wata masana'antar tsaga icce a San Pedro. Can na ga ɗamarar gaske. Faɗinta ya fi tafin hannu, tana zagaye ƙafafu biyu manya, ɗaya sama ɗaya cikin rami. Gungumen da mutum uku ba su rungume shi ba ana ɗora shi bisa keken ƙarfe mai bin dogo, shi ke tafiya, zarto na tsaye. In an fidda allo sai ya wuce ga masu faifai su gyara gefe, wasu su datse kai da gindi. Akwai kuma wani da na gani mai firam, zartuna da yawa jere suna hawa da sauka tare, gungume ya shiga ɗaya ya fito allo-allo. Amma ka san wa anka fi girmamawa a wagga masana'anta? Ba mai tuƙa keke ba, mai ɗakin wasa haƙora. Shi ke duba tsagewa a gindin haƙori, shi ke buga ɗamara da guduma ta kwanta, shi ke haɗa ta in ta tsinke. Ranar da bai zo ba, aiki ya yi sanyi.

To tambayata gare ka ɗaya ce. In ɗamararka ta tsinke ranar Talata, kana da aikin da za ka miƙa Juma'a, wa zai haɗa maka ita a nan Tawa?

Ƙaramin Kafinta (Tawa):
Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Gaskiya ban yi wannan tunanin ba. Mai walda na kusa da ni ya ce zai iya, amma ban taɓa ganin ya yi ba.

Mai Gyaran Inji (Yamai):
Kada ka bari ya gwada a kan taka. Waldar ƙofa daban, haɗin ɗamara daban. Bayan an haɗa sai an sake ɗumama wurin a bar shi ya huce a hankali don kada ya yi gautsi, sannan a goge shi ya yi kauri ɗaya da sauran jiki. In ba haka ba, zagaye kaɗan zai sake tsinkewa a wurin. Masu ɗamara da na sani kowa yana ajiye biyu ko uku a rataye, in sun taru a aiko Yamai ko a ƙetara Nijeriya ta Ƙonni. Kuma da yawa su ke kashe ta da kansu: a tashi aiki da yamma a bar ta a ɗaure har safe, ba a sassauta ba.

Malamin Sana'a (Yamai):
Matsalar haɗin nan ba yau ta fara ba. Tun 1809 wani Bature a Ingila, William Newberry, ya yi rajistar dabarar zarto mai ɗamara, amma abin bai kama ba saboda ba a iya haɗin da zai jure lanƙwasa ba. Sai 1846 wata mace a Faransa, Anne Paulin Crépin, ta fito da hanyar haɗawa mai ƙarko, daga nan injin ya bazu. Tambayar da Baba ya yi ita ce ta tsayar da injin kusan shekara 40.

Mai Katako (Kasuwar Katako, Yamai):
Baba, na ji, kuma ba na jayayya da wanda ya gani da ido. Amma shi ma faifai ai ba magagari ke wasa shi ba. Haƙoransa na karbur, ƙarfen nan mai taurin gaske da ake manna wa bakin haƙori, sai dutsen lu'ulu'u. Kuma a nan kasuwa kullum ina ganin yara suna sayen tsofaffin alluna da falet (katakon ɗora kaya) masu ƙusa a ɓoye, faifai sabo ya ci karo da ƙusa ɗaya, haƙori biyu sun tashi.

Mai Gyaran Inji (Yamai):
Haka ne Alhaji, sai dai karbur yana daɗewa kafin ya nemi wasa, kuma faifai ana sa shi a jaka a ba ɗan mota. Sau da yawa ma ba mutuwa ya yi ba, danƙon itace ne ya manne a haƙora. A wanke da kananzir da buroshi, sai ka ga ya dawo.

Abin da ni nake so ƙanena ya duba kafin ya biya kuɗi shi ne wuta. Manyan injuna na hannu na biyu da ake kawowa daga Turai, musamman kombine mai haɗa zarto da kankara da huda, da yawansu wuta mai layi uku suke ci, bolt 380. In rumfarka layi ɗaya ce, 220, ka sayi ƙarfen ado. Karanta farantin da ke jikin motar da ke juya injin da idonka, kada ka ji ta bakin dillali. In kuma da janareto za ka riƙa aiki lokacin zafi da wuta ke yawan ɗaukewa, ka sani mota tana jan wuta ninki biyar ko fiye a lokacin tashi. Janareton da ƙarfinsa ya yi daidai da abin da aka rubuta a motar ba zai tada ita ba.

Ɗan Gaya:
Ina biye da ku tun safe, ba wanda ya ambaci zarton sarƙa. Ba ruwansa da layi ɗaya ko layi uku, fetur da ɗan mai kashi biyu cikin ɗari, ka saɓa a kafaɗa ka je inda itacen yake. Ni da Stihl ɗina na fidda alluna daga dogon yaro da iska ta kayar, da su na yi benci da ƙofar shago.

Mai Katako (Kasuwar Katako, Yamai):
Ɗan'uwa, a nan ne dai raina ke ɓaci. Sarƙa tana cin milimita 8 zuwa 10 a kowane wuce. Gungume mai kauri santimita 30, in allon santimita biyu da rabi kake so, sarƙa ta ba ka 9, ɗamarar masana'anta mai cin milimita 2 ta ba ka 11, kuma naka 9 ɗin sai an kankare su sosai kafin su miƙe. Allo biyu sun zama dusa a daji. Ba a banza Gana ta hana tsaga allon sayarwa da sarƙa tun 1998 ba, su da ke da daji ke nan. An yi sarƙa don kayar da itace da datsa shi gunduwa-gunduwa, a nan ba ta da na biyu. Yanzu ma akwai ɗamara ta kwance da ake ja da mota har inda gungume yake, irin su Wood-Mizer, wannan ita ce ta dace da aikin da kake faɗi.

Ɗan Gaya:
Alhaji, wa ke da kuɗin wannan a ƙauye? Itacen da ya riga ya faɗi, in ban tsaga ba gara ce za ta ci ko ya tafi murhu. Allo 9 ya fi babu. Kuma akwai sarƙar tsaga daban, ana wasa ta a kusurwar digiri 10 maimakon 30, tana barin fuska mai ɗan kyau.

Baban Adar (Tawa):
Ɗan Gaya, ga wanda iska ta kayar ba ni da magana, in ka nemi izinin ƴan gandun daji. Tsorona mai sarƙa ba ya daɗewa bisa wanda ya faɗi. Da gatari mutum na wuni bisa icce ɗaya, kafin ya gama gari ya ji. Da sarƙa kafin a sha shayi gawo ya kwanta. Dogon yaron kwarin Majiya da anka fara dasawa a 1975 don tare iska, da idona na ga yadda sunka gyara gonaki, ba na son in ji ƙarar sarƙa a wurin ba bisa tsari ba. Ku ma ga giginyarku ta Dallol Mauri. Azara ma ai tun kakanni da gatari da ƙarfen tsaga ake fasa ta, ta bi jijiyarta, shi ya sa take ƙarko.

Ɗan Gaya:
Gaskiya ne Baba. Takarda nake nema kafin in taɓa ko reshe, dokar daji ta 2004 ba ta wasa ba ce.

Hajiya Mai Kayan Ɗaki (Yamai):
Ku gafarce ni, ni ba kafinta ba ce, amma ni ke tsayawa gaban uwar amarya in an kawo gado da armuwar. Abin da ke ba ni kunya shi ne bakin allo mai farar fata ko fomika a ɓantare kamar ɓera ya ci, an bi da fenti ana ɓoyewa. Kafinta ɗaya ne cikin waɗanda nake ba aiki nasa ke fita sumul. Wannan laifin inji ne ko na hannu?

Malamin Sana'a (Yamai):
Hajiya, yawanci laifin faifai ne, da ƙiwuyar canza shi. A faifai mai milimita 250, mai haƙora 24 na tsaga katako ne, yana da manyan ramuka tsakanin haƙora don kwashe dusa. Allo mai fata yana son 60 zuwa 80. Mutum ya ɗaura mai 24 tun ranar da ya sayi inji, da shi yake yanka komai, dole baki ya ɓantare. In ya juya ya sa mai 80 ya tsaga jan katako mai kauri, faifai ya yi zafi, ya ƙona gefe, mota ta yi nishi. A zarton tebur kyakkyawar fuska tana kallon sama, a faifan hannu da ɗan mai tsalle, wato ƙaramin inji mai siririn zarto da ke hawa da sauka, tana kallon ƙasa, domin inda haƙori ke fita nan yake ɓantara. Wanda ke miki aiki mai kyau, in kin leƙa za ki tarar da faifai biyu ko uku a rataye a bangonsa.

Hajiya Mai Kayan Ɗaki (Yamai):
Madalla. Gobe zan leƙa bangon kowa.

Baban Adar (Tawa):
Abu ɗaya ya rage, ɗana, kuma ya fi shafarku ku na Tawa. Katako daga kudu shi ke zuwa da danshinsa. Ya iso nan cikin hunturu, iskar Adar ta buge shi, waje ya bushe ciki bai bushe ba. Kana tsagawa sai ka ga hanyar ta rufe daga baya ta matse faifai. Haƙoran baya sama suke tashi, su ɗauke allon su harbo maka shi awa harbin jaki. Akwai wata ƴar wuƙa da ke tsaye bayan faifai don ta hana hanyar rufewa. Rumfa nawa na shiga na tarar an kwance ta an jefar, wai tana tare aiki. Kada ka sayi injin da ba shi da ita, kada ka kwance ta. Kada ka tsaya daidai bayan allo, ka ɗan goce. Ka sassaƙa sandar turawa tun ranar farko. Riga mai faɗin hannu da rawani mai jela, a rataye su kafin a kunna. In za ka yanka katakon loko ka ɗaure hanci, ƙurarsa na kama ƙirji, kuma wani lokaci akwai abu awa dutse cikinsa mai kashe haƙori.

Mai Katako (Kasuwar Katako, Yamai):
To ai wannan ma hujjata ce, Baba. Ɗamara ƙasa take danna katako, ba ta harbi.

Malamin Sana'a (Yamai):
Wannan na ba ka, Alhaji, ba ta harbi, amma yatsa tana cinsa kamar kowane zarto. A Amurka akwai zarton tebur, SawStop, da ke tsayawa nan take in faifai ya taɓa fatar mutum. Ni dai ban ga ko ɗaya a nan ba, don haka sanda da ƴar wuƙar nan su ne namu.

Ƙaramin Kafinta (Tawa):
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na duba, rumfata layi ɗaya ce. Na kuma duba littafin ayyukana na bara, kusan duka tebura ne da ƙofofi da armuwar, kan gado mai lanƙwasa huɗu kawai na yi. Zan sayi mai faifai na 220, mai ƴar wuƙa a baya, da faifai biyu, mai 24 da mai 60. Abin da ya saura in ya kai zan ƙara ɗan mai tsalle don lanƙwasa. Alhaji, lissafin dusar nan ya zauna mini a rai, ɗamara ce ta gaba in Allah ya hore, amma sai na ga mai haɗa ta da idona. Yaya mai gyaran inji, akwai guda biyu da aka nuna mini, in na turo hoton farantin motocin za ka duba mini?

Mai Gyaran Inji (Yamai):
Turo. Ka ɗauki hoton sandar da faifai ke hawa ma, ka auna kaurinta, don kada ka sayi faifan da raminsa bai yi daidai ba. In ka je wurin, cire filogi ka kama faifan ka girgiza hagu da dama, in ka ji yana motsi boris ɗin da sandar ke juyi a kai ya ci, a rage maka kuɗi ko ka bar shi.

Baban Adar (Tawa):
Ranar da inji ya iso ka aiko yaro ya kira ni kafin ka kunna. Ka zo min da tsohon zartonka na hannu ma, in nuna maka buɗe haƙora.